Guzurin Ɗalibi Mai Zuwa Taron Ilimi

Duk sa'ad da damina ta ja baya, allunan sanarwa na sassan jami'o'inmu kan cika da takardun gayyata zuwa tarurrukan ƙara wa juna sani. Masana harsuna su kira nasu, masana tarihi su kira nasu, haka masu nazarin tattalin arziki da masu kimiyyar sinadarai. Kowace takarda tana ɗauke da jigon taro da ranar rufe karɓar tsakure, sannan a can ƙasa, da ƙananan haruffa, kuɗin rajista da lambar asusun banki. Ɗalibanmu masu neman digiri na biyu da na uku suna karanta waɗannan takardu, wasu ma har su aika da tsakure a karɓa. Daga nan sai lissafi ya shigo: kuɗin rajista, kuɗin mota zuwa da dawowa, masauki na kwana uku, abinci, da abin cefanen da za a bar wa gida. Mafi yawansu a nan tafiyar ke ƙarewa. Idan ranar taro ta zo ka shiga zaure, za ka tarar da farfesoshi a sahun gaba, mu 'yan tsaka-tsaki a bayansu, sai kuma ɗaliban jami'ar da ta karɓi baƙuncin taron, waɗanda aka kawo don jera kujeru da rabon ruwa.

Kada mai karatu ya ɗauka babu kuɗin zuwa taro a tsarin ilimin ƙasar nan. Akwai, kuma ya kamata a san asalinsa. Bayan yajin aikin da ƙungiyar malaman jami'a, wato ASUU, ta yi a 1992, gwamnatin soja ta kafa dokar harajin ilimi a 1993, wadda ta ɗora wa kamfanoni biyan kashi 2 cikin ɗari na ribarsu. A 2011 aka sake fasalin asusun ya koma TETFund, aka taƙaita shi ga manyan makarantun gwamnati, daga baya kuma aka ƙara harajin zuwa kashi 2.5, sannan kashi 3 a 2023. Cikin abubuwan da wannan asusu ke ɗaukar nauyi har da halartar taro, a gida da waje, kuma malamai da dama sun ga duniya ta wannan hanya. Amma sharaɗin farko shi ne ka kasance ma'aikacin makarantar. Ɗalibin digiri na uku da ya yi sa'a yana koyarwa a jami'a ko kwalejin ilimi yana iya shiga layi. Wanda ba ma'aikaci ba kuwa, ko da maƙalarsa ta fi ta malaminsa, ƙofar ba tasa ba ce. Ban ga laifin asusun ba a nan, domin don ma'aikata aka tsara wannan ɓangare nasa. Abin da ya dame ni shi ne mun bar kuɗin tafiya taro yana bin muƙami, alhali ingancin takarda ya kamata ya bi.

Su wane ne waɗannan ɗalibai da aka bari a waje? Wanda ya taɓa koyar da ajin digiri na biyu a Kano ko Zariya ko Sakkwato ya san su. Akwai malamin sakandare da ke baro ƙauye ranar Alhamis da yamma don ya riski darasin Juma'a. Akwai ma'aikacin ƙaramar hukuma, akwai wanda ya gama hidimar ƙasa bai samu aiki ba ya ce gara karatu da zaman kashe wando, akwai matar aure mai goyo da ke rubuta babi na uku bayan yara sun yi barci. Kowannensu shi ke biya wa kansa kuɗin makaranta. Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka ya sake ninkawa, dalar da ake saye naira ɗari huɗu da 'yan kai a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a 2024. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne. Mutumin da ke wannan hali, in ka ce masa ya fitar da albashin wata biyu don ya je ya yi magana ta minti goma sha biyar a Ilori, ba zai ce maka a'a ba saboda kunyar malami, amma ba zai je ba.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai digirin zai samu ko ya je ko bai je ba. Gaskiya ne, zai samu. Sai dai takardar digiri daban, shiga sahun masana daban. Ɗalibin da bai taɓa fita daga sashensa ba, duk abin da ya sani game da ingancin aikinsa daga bakin mutum biyu ko uku ya ji shi, kuma waɗannan mutane galibi a wuri ɗaya suka yi karatu, littattafai iri ɗaya suka karanta, makantarsu ma iri ɗaya ce. Ranar da ya tsaya gaban wani dattijo daga Nsukka ko Ibadan, wanda bai san shi ba, ba ya kuma jin nauyin malaminsa, ya tambaye shi inda ya samo wannan hujja, ranar ce zai san ko ginin da ya yi na laka ne ko na dutse. A nan ne kuma yake jin cewa wata a Jos tana kan irin aikinsa, ya karɓi lambarta. A nan editan mujalla ke ce masa ya gyara ya aiko. A nan yake haɗuwa da wanda wata rana zai rubuta masa takardar shaida in ya nemi tallafin bincike. Waɗannan abubuwa ba a rubuta su cikin manhaja, amma da su ake gane wanda zai ci gaba da bincike bayan digiri da wanda zai rufe littafi ranar da ya cire rigar yaye.

Asarar ba ta tsaya kan ɗalibi ba, kuma wannan ɓangaren ne muka fi mantawa. A jami'o'inmu na yau, wa ke fita daji neman bayanai? Farfesa yana fama da kwamitoci, mu kuma muna fama da ajin mutum ɗari biyar da jarrabawarsu. Ɗalibi ne ke ɗaukar rikoda ya shiga ƙauye, shi ke zama da tsofaffi, shi ke buɗe rubuce-rubucen ajami da gara ta fara ci, shi ke auna ruwan rijiyoyi. Na taɓa duba aikin wani malamin sakandare da ya yi wata da watanni tare da masunta a fadamar Haɗeja da Nguru, yana tattara sunayen kifaye da na kayan su da yadda ake kiran kowane irin ruwa. Akwai kalmomi a kundinsa da ban gan su a ƙamus ko ɗaya ba. An karɓi tsakurensa a wani taro a kudancin ƙasar nan, ya yi lissafi ya ga ba hali. Kundin yana nan a kan kanta, mu uku muka karanta shi: ni, da mai jarrabawa na cikin gida, da na waje. Irin wannan kundi ɗaruruwa ne a ɗakunan karatunmu, ƙura tana rufe su, sannan mu taru muna kukan cewa ba a san binciken Arewa ba.

Kuma tarihinmu ya nuna taro ba shan shayi ba ne kawai. Taron da aka yi a Sakkwato a 1975 kan tarihin Daular Usmaniyya shi ya haifar da littafin da marigayi Yusufu Bala Usman ya shirya, ya fito a 1979, wanda har yau ba mai rubutu kan jihadi da zai tsallake shi. Ƙa'idojin rubutun Hausa da muke bi, a zauren taro aka tattauna su, a Bamako a 1966, aka kuma zauna a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Wanda yake cikin zaure a irin waɗannan ranaku, da shi aka yanke hukunci. Wanda ba ya nan, an yi babu shi, sai dai ya karanta.

Akwai wata ɗabi'a da rashin guzurin ɗalibi ya haifar, wadda ba ma son a ambata. Malami ne ke da kuɗin tafiya, ɗalibi ne ke da bayanai, sai a haɗa: a yanki babi daga kundin ɗalibi, a sa sunan malami a gaba, malami ya tafi ya gabatar. Idan aka yi tambaya mai zurfi sai a ji yana cewa za a duba. Wani lokaci kuma ba wanda ke zuwa, a tura kuɗin rajista kawai, a sa wani abokin aiki ya karɓo takardar shaidar halarta, a ajiye ta don ranar neman ƙarin girma. Ba kowa ke yin haka ba, kuma haɗin gwiwar malami da ɗalibi a rubutu abu ne mai kyau in kowa ya yi aikinsa. Amma duk wanda ke cikin wannan sana'a ya san abin da nake nufi. Tura ɗalibi da kansa ya kare aikinsa yana rage wannan ɓarna fiye da kowace takardar gargaɗi da hukumar jami'a za ta fitar.

A Ƙofar Nassarawa nake zaune, kuma unguwar kanta tana da abin faɗa a wannan batu. In ka shiga gari ta ƙofar ka nufi wajen fada, ba za ka yi nisa ba za ka iske Makarantar Nazarin Larabci. A 1934 aka buɗe ta a matsayin makarantar horar da alƙalai, aka ɗauko malamai takanas daga Sudan, a 1947 ta koma sunan da aka san ta da shi. Cikin waɗanda suka yi karatu a nan aka zaɓi wasu samari a tsakiyar shekarun 1950 aka tura su Bakhtur Ruda a Sudan, cikinsu har da Abubakar Mahmud Gumi da Shehu Galadanci, kuma ba da kuɗin iyayensu suka je ba. A cikin harabar wannan makaranta aka fara kwalejin nan a 1960 wadda ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero a 1977. In ka waiwaya kuma ga dogon benen Gidan Ado Bayero, inda jami'ar jiha da aka kafa a 2012 da sunan Northwest ta fara karatu. Jami'o'i biyu ke nan suka yi rarrafe a wannan ɗan tsakani, kuma babbar cikinsu ta tsiro ne a makarantar da aka gina bisa biyan kuɗin tafiyar malami da ta ɗalibi.

Kafin zuwan Turawa ma haka abin yake. Mai neman ilimi a ƙasar Hausa matafiyi ne, kuma al'umma ta san haƙƙinsa a kanta: zauren da zai kwana, ƙwaryar tuwon da za a fito masa da ita, ayarin fatake da zai bi. Shehu Usmanu ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya yi rubutu kan ilimin lissafi, a Alƙahira ya rasu a 1741. Ko a zamanin Turawa, tafiyar da Abubakar Imam ya yi zuwa Ingila a 1943 cikin tawagar editocin jaridun Afirka ta Yamma, gayyatarsa aka yi aka ɗauki nauyinsa, kuma da ya dawo bai ɓoye abin da ya gani ba, ya rubuta littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. Saboda haka mai cewa biya wa ɗalibi kuɗin mota baƙon abu ne da muka kwaikwayo daga Turai, bai duba gidansu da kyau ba.

Gwamnatin Kano ta yau ma ta yarda da wannan asali, domin a 2023 ta sanar da tura ɗalibai 1,001 karatun digiri na biyu a Indiya da Uganda, kamar yadda aka tura 501 a zamanin Kwankwaso. Ba na cikin masu sukar wannan shiri. Tambayata ita ce, ɗan'uwansu da ya tsaya gida, yake karatun digiri na biyu a Kano ko Wudil da kuɗin aljihunsa, bai ci wa gwamnati ko kwabo na tikitin jirgi ba, shin ya yi yawa a ba shi kuɗin motar zuwa Zariya?

Mu yi lissafi, nawa ne na kaina, ba na wata hukuma ba. Mu ƙaddara tafiyar kwana uku daga Kano zuwa Sakkwato, da rajista da masauki mai sauƙi da abinci, za ta ci naira 150,000. Naira miliyan 15 za ta tura ɗalibai ɗari a shekara. Mu ƙaddara kuma tafiyar malami ɗaya zuwa taro a Turai za ta ci dala 3,000. A kan naira 1,500 wannan naira miliyan huɗu da rabi ke nan, wato guzurin ɗalibai talatin. Ba ina cewa a hana malamai fita waje ba, ni ma ina so in fita. Ina nuna ƙanƙantar abin da ake magana a kai ne. Akwai motar ofis guda ɗaya a harabar kowace jami'a da kuɗinta ya ninka wannan sau da yawa.

Wannan lissafi ne ya sa nake ganin a fara da kusa. Zariya da Katsina tafiyar 'yan sa'o'i ce. Gidan Arewa a Kaduna da Gidan Mambayya a nan Gwammaja ba sa rabuwa da taro. A tsallaken iyaka akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, da ta André Salifou a Damagaram, da ta Abdou Moumouni a Yamai, inda ake nazarin harshe ɗaya da tarihi ɗaya da hamada ɗaya da namu, amma ɗalibanmu sun fi sanin abin da aka rubuta a Landan a kan wanda aka rubuta a Damagaram, garin da ya fi Abuja kusa da Kano. Tafiya Turai da Amurka kuwa tana da wani shinge bayan kuɗi, wato biza. A 2018 da 2019 Kanada ta hana masu bincike da yawa daga Afirka izinin shiga don halartar babban taron masana ƙirƙirarriyar basira na NeurIPS, duk da gayyatar da ke hannunsu. Mu masu nazarin harshe muna da namu abin takaicin: taron masana harsunan Cadi, dangin da Hausa ta fito daga cikinsa, wanda ake yi duk bayan shekara biyu, ya yi ta zagaya biranen Turai irin su Leipzig da Bayreuth, nesa da bakin masu magana da harsunan.

Wasu a nahiyar nan sun riga sun gane bakin zaren. Taron Deep Learning Indaba, da aka fara a Johannesburg a 2017, ya ɗauki tallafin tafiyar ɗalibai a matsayin ginshiƙin aikinsa, yana kuma zagaya biranen Afirka, daga Nairobi zuwa Tunis, Accra da Dakar. Cibiyar CODESRIA da ke Dakar ta daɗe tana ba ɗalibai ƙananan tallafi don rubuta kundi. Darasin da ke ciki shi ne kuɗi kaɗan, in ya zo a kan kari, yana canza fuskokin da ake gani a zaure.

A kan kari na ce, domin a nan irin waɗannan shirye-shirye ke mutuwa a hannunmu. Tsarin da aka saba shi ne ka kashe naka, ka kawo rasit, a biya ka bayan wata shida. Wannan tsari mai kuɗi kaɗai yake taimako, tun da wanda ba shi da abin kashewa ba shi da rasit. Asusun ɗalibai dole ya biya kafin tafiya: a tura kuɗin rajista kai tsaye ga masu shirya taro, a ba ɗalibi na mota da masauki a hannu mako guda kafin ranar. Zaɓe kuma a yi shi bisa maƙalar da aka cire sunan mai ita, malamai daga wani sashe su karanta, a liƙa sunayen waɗanda suka samu a allo kowa ya gani. In ba haka ba, cikin shekara biyu asusun zai zama na 'yan lelen shugaban sashe. Wanda aka ba guzuri kuma ya dawo da tsaraba: ya tsaya gaban 'yan ajinsu ya faɗi tambayoyin da aka yi masa da waɗanda ya kasa amsawa, ya kuma miƙa gyararriyar maƙala cikin wata uku. Wanda ya karɓa bai je ba, a riƙe sakamakonsa har ya mayar.

Sai batun mata, wanda in ba a yi shi da gangan ba, ba zai yiwu da kansa ba. Ɗaliba mai goyo ba ta tafiya ita kaɗai, sai da mai riƙe mata jariri, wata kuma gidansu ba za su bar ta ta kwana a wani gari ba sai da muharrami. Ko mun so ko mun ƙi, tafiyarta kujera biyu ce a mota. Asusun da ya ba ta daidai da abin da ya ba namiji, ya ce ya yi adalci, ya san sarai ba za ta je ba. A rubuta kuɗin ɗan rakiya cikin ƙa'ida tun farko, kada ta zo tana roƙo.

Na san za a ce ai yanzu akwai taro ta intanet, tun annobar korona ta 2020 kowa ya iya. Yana da amfani, kuma ya fi babu. Amma wanda ya taɓa gabatar da maƙala ta waya daga cikin gari, wuta ta ɗauke, murya tana yankewa, yara suna kuka a tsakar gida, ya san bambancin. Rabin amfanin taro a bakin zaure yake, lokacin da aka fito shan iska, kuma wannan rabin ba ya bin waya.

Ina kuɗin zai fito? Makarantun karatun gaba da digiri suna karɓar kuɗi iri-iri daga hannun waɗannan ɗalibai, ware wani ɗan kaso ya koma musu ba ya bukatar dokar majalisa, hukumar gudanarwar jami'a ta isa. Hukumar ba da tallafin karatu ta jiha tana iya buɗe layi guda a kasafinta. Attajiran Kano da ke gina masallatai da ɗakunan kwanan ɗalibai suna iya tsayar da waƙafi na shago biyu ko uku a Kantin Kwari, hayarsu ta riƙa tura ɗalibai taro duk shekara da sunan iyayensu. Mu ma masu ƙungiyoyin masana akwai abin da ke hannunmu tun bana, ba sai mun jira kowa ba. Kuɗin da ake kashewa a jakunkuna masu tambari da allunan karramawa na manyan baƙi, waɗanda ke tashi da zarar an gama bikin buɗewa, ya isa a yafe wa ɗalibai ashirin kuɗin rajista. In an sa taro lokacin hutu, ɗakunan kwanan ɗalibai a rufe suke ba kowa, shugaban kula da harkokin ɗalibai kawai za a rubuta wa ya ba da makulli. Motar sashe kuma da ke kai malamai huɗu Sakkwato kujera goma sha takwas gare ta.